Rigar Filon da Ba a Wanke Ba

Shekara talatin da huɗu ke nan Mai Guga yana wanke kayan mutane, kuma kafin abin da zan ba ku labari ba a samu wanda zai ce ya ji daga bakinsa abin da ya gani a jikin kayan wani ba. Ya ga jan baki a wuyan rigar mutumin da matarsa ba ta shafa jan baki. Ya ga zanin gadon wani babban mutum da fitsari ya fara kuɓuce masa. Ya ga abubuwan da ko ni mai ba ku labarin nan ba zan maimaita ba. Sai dai ya jiƙa, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shanya, ya goge, ya ninke, ya miƙa wa mai kaya yana tambayarsa ya iyali. A wajensa aikin ke nan, tabo ya fita, kuma mai kaya kada ya san an gani. Shi ya sa ɗan shagonsa na bakin titi, mai tebur biyu da igiyoyin shanya a baya, bai taɓa rabuwa da ƙullin kaya ba.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon da ɗakin kwanansu shi da matarsa. Malama ake ce mata, shi ma haka yake kiranta, don shekara ashirin da takwas ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Mace ce mai jan biro. Ko ɗan shugaban makaranta ne ya yi fashi, a rajista sai ta rubuta bai zo ba, duk wanda zai yi fushi ya yi. Amma fa wannan gwanar rubutun ko hankici ba ta iya wankewa ba, kuma laifin mijin ne. Suna ango da amarya ta taɓa yanke yatsa, jini ya ɗiga a farar rigarsa, ta yi maza ta kwara wa wurin tafasasshen ruwa wai ta burge shi. Tabon ya zauna daram, har rigar ta mutu bai fita ba.

“Malama,” in ji shi a ranar, “ruwan zafi dafa jini yake yi. Ruwan sanyi da ɗan gishiri ake sa masa. Ki riƙe allonki, ki bar min bahona.”

Ta ko bar masa. Shekara talatin da ɗoriya ko ɗankwalinta shi ke wankewa. In ta so tsokanarsa sai ta ce ita ba miji ta aura ba, injin wanki ta aura mai gemu.

Ciwon Malama ya shigo ne shekara uku kafin abin da zan faɗa. Da farko wasu jajayen ɗige-ɗige ne suka fito mata a ƙafa kamar an barbaɗa garin barkono. Sai kuma ko gefen kujera ta gogo, gobe wurin ya yi baƙi ƙirin da kwantaccen jini. Likita ya zaunar da su ya yi musu bayani a hankali. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, aikinsu kawai in jijiya ta fashe su ruga su toshe wurin. Jikin Malama ne da kansa ya juya yana kashe su. Mai lafiya yana da dubu ɗari da hamsin zuwa sama a ɗan ɗigon da ake aunawa, ita kuwa dubu tara gare ta.

“Tara cikin ɗari da hamsin?” in ji Malama. “Likita, ni yaro ya kawo min wannan makin ai sai na aika a kira iyayensa.”

Daga ranar ta raɗa wa ƙwayoyin suna ’yan toshe, sakamakon gwajin jini kuma ya koma maki a gidan. Ta yi ta raharta, amma ciwon bai san raha ba. Maganin farko ya kumbura mata fuska har ta daina duba madubi. Aka koma wani da ake ɗurawa ta jijiya, shi kuma mako biyu yake riƙewa ya saki. Aka yi mata aiki aka cire saifa, maki ya hau na wata huɗu, ya sake ruftawa. Mai Guga ya kwashe wuƙaƙen kicin ya ɓoye, ya naɗe kusurwar kowane tebur da tsumma. Da can mutum ne mai ’yar waƙa in yana guga, waƙa marar kai marar gindi, da murya kamar ƙofar da ta yi tsatsa. A shekara ukun nan waƙar ta ɗauke, ba abin da bango ke kai wa Malama sai dukan dutsen guga a kan tebur.

Ana nan Likita ya kira su. Ya ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa, bai fito kasuwa ba, ba a gama sanin ƙarfinsa ko illarsa ba. Mutum shida aka ba asibitin damar sawa, kuma Malama ta cancanta in tana so. Ya ce shi ba zai yi musu alkawarin komai ba. Malama ta karanta takardar amincewa shafi goma sha ɗaya, har ta gyara musu kuskuren rubutu guda biyu, sannan ta sa hannu.

Nas ɗin da ke kula da masu gwajin, wata doguwar mace mai tabarau da kowa ke kira Sista, ita ta zayyana musu dokoki. Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ɗibar jini kowace Talata. Sai wani ɗan littafi mai layi-layi, kowace rana da gurbinta, a rubuta ko an ga jini ko ba a gani ba.

“Mama, ki saurare ni da kyau,” in ji Sista. “Maki kaɗai ba ya gaya mana komai. Wani yana yawo da ashirin da biyar lafiya lau, wani kuma a nan yake faɗuwa. Jinin da ya fito shi ne ke yi mana magana. In kika ga jini a baki, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko kai ya sara miki, ko loma ce a hannunki ki ajiye ki taho. Za mu ɗura miki maganin gaggawa.”

“In an ɗura shi ke nan?” Mai Guga ya tambaya.

“Sau ɗaya an yarda, Baba. In aka yi na biyu, dole mu cire ta daga gwajin, don alama ce sabon bai riƙe ta ba.”

“In an cire ta sai me?”

Sista ta gyara tabarau. Ta ce sai a koma waɗanda aka gwada a baya. Mai Guga bai ƙara tambaya ba, ai ya san waɗanda aka gwada a baya.

A mako na biyu haɓo ya ɓalle wa Malama. Ta ɗauki jan birunta ta rubuta, suka tafi, aka ɗura mata na gaggawa. Dama ɗaya ta tafi ke nan, saura babu. Sai kuma Allah da ikonsa, abin ya juya. Talata ta gaba maki talatin da ɗaya. Ta gaba arba’in da takwas. Ta gaba sittin da biyu! Kai, ranar nan Malama a bakin asibiti ta tsaya ta kira Auta, ’yarsu da ke aure a wani gari, tana faɗa mata lambar sau uku kamar yarinyar ba ta iya ƙirga ba. Da suka dawo gida ta ce a fito mata da wuƙarta, ta zauna ta yanka albasa da hannunta tana hawaye tana dariya, ta ce albasar ce. Washegari da hantsi tana gyara ɗaki sai ta ji ta cikin bango, tsatsattsiyar muryar nan ta dawo. Ta buga bangon da tafin hannu.

“Injin wanki! A rage mana sauti, akwai marar lafiya a gidan!”

“Marar lafiya mai sittin da biyu? A kai kasuwa!” in ji shi, ya ƙara ɗaga murya.

Wata guda suka yi a haka, kuma ina jin tun da suka yi aure ba su taɓa wata mai daɗinsa ba. Daga nan maki ya fara sauka. Arba’in. Talatin da uku. Ashirin da bakwai. Likita ya ce kada hankalinsu ya tashi, ana ganin haka. Tsarin gwajin ya yarda a ninka ƙwayar a mako na goma sha biyu, kuma akwai waɗanda sai a lokacin suke miƙewa. Muddin babu jini, za a ci gaba har a kai can. Ranar da ya faɗi haka saura kwana ashirin da ɗaya.

Washegari Malama tana banɗaki, Mai Guga ya shiga yaye shimfiɗa yadda ya saba kowace safiya. Ya ɗaga filonta sai ya ga tabo a gefen rigar filon, daidai inda bakinta ke kwanciya. Bai fi faɗin murfin kwalba ba, tsakiyarsa ja, gefensa ya fara baƙi. Ba sai an gaya masa mene ne ba.

Zan so in ce ya tsaya ya yi tunani, amma wallahi bai yi ba. Hannun da ya shekara talatin da huɗu yana abu ɗaya shi ya riga kansa. Kafin ya ankara ya zare rigar filon, ya dunƙule ta a hammata, ya fita bayan shago, ya tsoma ta a ruwan sanyi da gishiri. Yana cuɗawa ne tunanin ya iso. In Malama ta gani za ta rubuta, wannan ko shakka babu, macen da ba ta ɗaga wa ɗan shugaban makaranta ƙafa ba. In ta rubuta za a ɗura na gaggawa, in an ɗura an cire ta, in an cire ta an koma kumburin fuska da maki tara. Ya ce a ransa ɗan ɗigo ne, dasashi ne kawai, kwana ashirin ai kamar gobe ne. Ya ɗauraye, ya ɗaga rigar ya duba ta a hasken rana, fara tas.

Da ya koma ciki ya tarar da ita a bakin gado da littafin a cinya. Yana tsaye yana kallo ta rubuta “Babu” da kyakkyawan rubutunta, ta rufe biro.

Ranar ya fita ya sayo rigunan filo shida farare iri ɗaya sak, don kada ta lura ana canzawa kullum. Tsarinsa ya zauna. Da ta shiga banɗaki ta saki famfo, shi kuma sai ya zare, ya sa sabuwa, ya fice. Ta kan daɗe a banɗakin kwanakin nan, famfo na ta zuba, shi kuwa har godiya yake yi da hakan don yana ba shi lokaci. Tabon bai tsaya a murfin kwalba ba. Cikin mako guda ya kai faɗin bakin kofi.

Ranar Talata maki ya zo ashirin da huɗu. Sista ta haska bakin Malama da ’yar tocila, ta ce dasashin ya yi ja.

“Sabon buroshi ne, ’yar nan,” in ji Malama. “Tauri gare shi kamar na wankin takalmi.”

Sista ta duba littafin, ta ga “Babu” a jere tun daga sama har ƙasa. Ta juyo wajen mijin.

“Baba, kai ma ba ka ga komai ba?”

“Ni mai wanki ne, ’yata. Me zan gani?”

Ya faɗe ta yana murmushi. Amma a ransa tsoro yake ji, tsoro na gaske. Sau biyu yana ƙona rigar mutane a makon nan, shi da bai taɓa ƙona ko aljihu ba. Amma waƙa bai fasa ba. Ya san in ta ɗauke Malama za ta tambayi dalili, don haka kullum da hantsi sai ya buɗe baki ya yi ta rerawa da ƙarfi, idonsa na kan igiyar da rigar filo ke bushewa a bayan zannuwan mutane.

Akwai ranar da ya kusa faɗa. Suna cin abincin rana, ya ajiye cokali, ya ce, “Malama.”

“Na’am, Injin.”

Ya dube ta. Fuskarta ta koma irin ta da, kumburin ya saɓe, ta sa ɗan kwalli. Kafin ya haɗa maganar ta riga shi.

“Saura kwana tara fa. Ka ga wannan karon sai na ci jarrabawar nan, ko da makin tausayi ne.” Ta tura masa naman da ke gefenta. “Kuma kada ka daina waƙar nan taka marar daɗi. Bango yana kawo min ita, da ita nake sanin kana lafiya.”

“Dama cewa zan yi gishiri ya yi yawa,” in ji shi.

“Ƙarya kake, ko sa shi ban yi ba.”

Suka yi dariya su biyu, ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci.

Talata ta gaba maki goma sha tara. Likita ya daɗe yana kallon takardar, ya sake tambaya ko akwai jini, aka ce masa babu. Ya ce to, su lallaɓa, mako guda ya rage, amma ko ƙyas suka gani su taho.

Ranar Alhamis da safe, saura kwana biyar, tabon ya kai tafin hannu, har ya ratsa ya taɓa filon kansa. Mai Guga ya tsaya riƙe da rigar. Wannan karon ya ce a’a, ya isa, yau zai nuna mata. Sai ga wani direban babbar mota yana dukan ƙofar shago kamar zai ɓalla ta, wai kayansa zai karɓa motarsa na tsaye a titi. Mai Guga ya cusa rigar filon a leda, ya tura ƙarƙashin teburin guga, ya je ya sallame shi. Bayan direba wata mata ta zo da labule takwas. Bayanta wani. Ya ce in an yi azahar, in sun zauna cin abinci, zai ɗauko ledar ya ajiye a gabanta.

Ba a kai ga abincin ba. Wajen sha biyu da rabi ya ji an buga bango, ba bugun tsokana ba, bugu ɗaya marar ƙarfi. Ya shiga ya same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado, kofi ya kife a gefenta, ta riƙe kai da hannu biyu.

“Kaina,” ta ce. “Tun safe yake sarawa.” Maganar tana fita a karkace, gefen bakinta ɗaya ya saki.

Ya sungume ta, shi da bayansa ke ciwo shekara goma, ya fita titi ba takalmi yana ɗaga wa motoci hannu. A asibiti maki ya zo huɗu. Hoton kai ya nuna jini ya ɓalle a cikin ƙwaƙwalwa. Aka ɗura na gaggawa, aka ƙara mata ’yan toshen wasu mutane leda bayan leda, duk abin da ake yi an yi. Auta ta iso da yamma ta tarar uwar ba ta gane kowa. Ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da ya saba fara waƙa, Malama ta cika.

Mutane suka zo gaisuwa suka cika gida da shago. Kowa na yaba shi. Wai ba a taɓa ganin mijin da ya yi jinya irin tasa ba, wai ko ƙuda bai bari ya sauka a kanta ba. Kowane yabo sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen guga a ƙirji. Ya san shi ya kashe ta, haka yake faɗa wa kansa ba tare da kwana-kwana ba. Mace ta yi ta rubuta “Babu” da zuciya ɗaya, shi kuma yana bayan shago yana wanke gaskiya da gishiri. Bai faɗa wa Auta ba. Ledar tana nan ƙarƙashin tebur, ya kasa wankewa, ya kasa dubawa.

Bayan kwana goma Sista ta kira a waya. Ta yi masa gaisuwa, sannan ta ce in ba damuwa ya kawo ragowar ƙwayoyin da littafin.

“Baba, abin da ya ɗaga mana hankali shi ne babu wata alama,” in ji ta. “Har Talatar ƙarshe littafinta fes yake. In maganin nan zai iya sakin mutum haka ba gargaɗi, to ba mu san me za mu ce wa sauran biyar ɗin su lura da shi ba.”

Ya ce zai kawo.

Littafin ba ya kan durowa. Auta ta ce ya duba tsohuwar jakar makarantar Mama, ta ga tana yawan buɗe ta. Jakar na saman kwaba, baƙa, hannunta ɗaya ɗinkin zare. Ya sauke ta a kan gado. Ga littafin a sama, jan biro maƙale a jikinsa. A ƙarƙashinsa kuma wani ƙulli ne a leda, ya ɗauka tsofaffin takardu ne, ya kwance.

Ƙyallaye ne farare, an yanka su murabba’i da almakashi, an ninke kowanne gida huɗu, ninkin wanda bai iya ba. Ya warware ɗaya. A tsakiyarsa tabo ne ruwan ƙasa, ya bushe ya yi tauri, zaren wurin ya takura. Ya warware na biyu, haka. Na uku, haka. Duk an wanke su, har ƙamshin sabulu na jikinsu, kuma duk tabon na nan daram. Wanda ya yi shekara talatin da huɗu a bakin baho ba ya buƙatar a yi masa bayani. Tafasasshen ruwa aka kwara musu.

Ya gane yadin ma. Tsohon zanin gadonsu ne mai bakin shuɗi, wanda ya nema ya rasa, ta ce masa ta yi tsumman goge-goge da shi. Ya tuna ranar sarai, Larabar da ta biyo bayan makin talatin da uku ce. Mako guda cif ke nan kafin shi ya ga ɗigon farko a filo.

Ya zauna a bakin gadon. Famfon da ke daɗewa yana zuba ya dawo masa, da sabon buroshi mai tauri, da butar shayin da yake ji tana tafasa da hantsi alhali ba ta shan shayi sai da safe. Yana can yana ɓarke baki da waƙar ƙarya don kada ta gane, ita tana nan bayan bango tana dafa jininta a ƙyalle don kada waƙar ta tsaya. Ta wanke bai fita ba, ba ta da inda za ta shanya bai gani ba, sai ta yanki sabo. Macen da ba ta taɓa rubuta ƙarya a rajista ba ta rubuta ta sau ashirin da uku da jan birunta, kuma ya san ba don magani kaɗai ta yi ba. Da ya bar rigar filo ɗaya tak a kan gadon nan, safiya ɗaya, da sun dubi juna, da wani cikinsu ya ce tashi mu tafi.

“Haba Malama,” ya ce da ƙyallen da ke hannunsa. “Shekara talatin ina gaya miki. Ruwan sanyi ake sawa. Ruwan sanyi.”

A nan kukan da bai yi ba ranar Asabar ya zo masa, har Auta ta rugo daga kicin ta same shi ya kifa fuska a cikin tsummoki. Ya gaya mata komai, nasa da na uwarta. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa jin abin da ya gani a jikin kaya.

Washegari da safe ya sa farar rigarsa, ya ɗauki jakar, ya durƙusa ya jawo ledar daga ƙarƙashin teburin guga. A ofishin Sista ya ajiye kwalbar ƙwayoyi da littafi. Sannan ya ture takardunta gefe, ya shimfiɗa rigar filon a kan tebur, tabon ya koma baƙi, ya jera ƙyallayen a gefenta ɗaya bayan ɗaya. Sista ta cire tabarau ta rufe baki da hannu.

“Kin tambaye ni ko na ga wani abu,” in ji shi. “Na gani, ’yata. Kwana goma sha shida ina gani ina wankewa. Ita kuma ta riga ni da mako guda. Akwai gargaɗi, mu ne muka ɓoye. Ki gaya wa mutum biyar ɗin nan, ki gaya wa masu kwana da su a ɗaki.”

“Baba, me ya sa?”

“Kada a cire ta.”

Ta mayar da tabaraunta. Can ya tambaye ta abin da ya zo da shi a ƙirji, ko da sun zo a ranar farko da tana nan. Sista ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ba ta sani ba, ba wanda zai iya rantsewa, amma da sun sami abin yi. Ya gyaɗa kai, dama bai zo neman sassauci ba.

Ta ce za ta rubuta rahoto, Likita zai so ganinsa. Ya ce kafin nan ta buɗe masa littafin, ta nuna masa Larabar da ta biyo bayan talatin da uku. Ta nuna da yatsa. Ya zare jan biron Malama, ya riƙe shi riƙon wanda bai saba ba, ya ja layi a kan “Babu” ya rubuta “Akwai” a gefe da manyan baƙaƙe karkatattu. Ya sauka layi na gaba ya yi haka. Biron na tsallake layi, Sista ta ce ya kawo ta ƙarasa masa, ya ce a’a. Sai da ya yi ashirin da uku ya rufe biron.

Da zai tafi Sista ta jawo kwandon da ake zuba kayan jini a kai ƙonawa. Ya bar mata ƙyallayen don Likita ya gani, amma rigar filon ya ɗauke. Ya kama kusurwa da kusurwa, ya ninke ta a ƙirjinsa, ya shafe ta da tafin hannu yadda yake yi wa kayan da aka gama.

A gida Auta ta gan ta a hannunsa, ta ɗauko baho ta tara a famfo.

“Baba, kawo in jiƙa maka. Ruwan sanyi da gishiri ko?”

“Kashe famfon,” in ji shi. “Wannan ba ta wanki ba ce.”

Ya shiga ɗaki, ya mayar da ita jikin filon Malama, ya juyo da tabon sama.